Jirgin da Taubashina Ya Yi Mini Alkawari

Tun a filin jirgin saman Alƙahira Sahabi ya karɓe fasfona. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya miƙo hannu.

"Kawo shi nan, bawana. Irinku 'yan ƙauye sai ku naɗe ƙosai da shi."

Na yi dariya na ba shi. Ya jefa shi cikin wata 'yar baƙar jaka da yake ratayawa a kafaɗa, ya ce gobe-goben nan zai kai shi ofishin da ake buga iƙama, wato izinin zama a ƙasar.

Mahaifin Sahabi da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubashina ne. A wajenmu can Yawuri taubashi yana iya fizge maka hula a tsakiyar kasuwa, ya kira ka bawansa, ya ce matarka ta fi ƙarfinka, kai kuma ka rama da abin da ya fi haka zafi. Abu ɗaya ne ba a yarda da shi ba, wato ka yi fushi. Wanda ya ɓata rai a wasan taubasai shi ne ya ji kunya, kuma shi tsofaffi za su kira su yi wa faɗa. A haka muka tashi ni da Sahabi. Ban taɓa tunanin wata rana zai mayar da wannan wasa igiyar da zai ɗaure ni da ita ba.

Sunana Haruna, sana'ata fito. Da filafili na fara a kwale-kwalen mahaifina, daga baya Allah ya hore mini inji, ina kwaso mutanen tsibirai da buhunansu ran kasuwa. Sai da na haura shekara arba'in sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da Sahabi ya zo gida ganin iyaye, ya tarar ina karanta rubutun jikin kwalin magani da kaina, har na Turanci ina harhaɗa baƙaƙensa a hankali. Ya riƙe baki. Ya ce mutumin da ya san ruwa kuma ya iya karatu, manyan jiragen dakon kaya na Iskandariyya ido rufe suke nemansa. Ranar bai ce mini bawa ba, Haruna ya kira ni, shi ya sa na yarda. Na sayar da injin da nake ciyar da gidana da shi, na biya kuɗin tafiya.

Zangona na farko wata unguwa ce a Alƙahira da ake kira Hayyin Sabi', can saman wani dogon bene. A nan na gane ainihin sana'ar Sahabi. Marasa lafiya yake kawowa daga Najeriya, ya sauke su a gidan da ya kama haya, ya kai su asibiti, ya yi musu tafinta. Ya nuna mini wata katifa a lungun kicin, ya ce kafin jirgi ya iso in ɗan riƙa taimakawa. Taimakon shi ne girki da wanki da wanke banɗaki, da goya duk baƙon da ƙafarsa ba ta takawa, don na'urar hawa benen ta fi daɗewa a lalace. Maganar albashi kuwa ba wanda ya taɓa tayar da ita.

Wata rana ya shigo da hoton wani babban jirgin ruwa ya manna a bangon kicin. Kowane sashe na jirgin da 'yar kibiya da sunansa da Turanci.

"Ka haddace su tas," ya ce. "Turawan jirgi jarrabawa za su yi maka."

Na riƙe abin da gaske. Ina yankan albasa ina kallon bango, ina wanke tukunya ina maimaitawa. Yawancin kalmomin ba su ba ni wuya ba, don na san abin da kibiyar ta nuna, goshin jirgi ne ko bayansa ko ƙugiyar da ake saki cikin ruwa. Guda ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, starboard. Kibiyarta ba ta nuna wani abu ba, gefen jirgin kawai ta taɓa. Na tambayi Sahabi yana cin abinci tare da baƙi.

"Kai komai sai an tauna an ba ka? Star tauraro ne, board kuma allo. Allon da kaftin yake duba taurari a kai ke nan."

"Ai babu allo a wurin da kibiyar ta nuna."

"Ku ji mini bawa, wai yau shi zai koya wa ubangidansa Turanci!"

Baƙi suka yi dariya, ni ma na yi.

Zafi ya wuce, sanyi ya shigo, irin wanda yake ratsa ƙashi, ba ni da ko rigar sanyi sai wadda wani baƙo ya bar mini da zai koma gida. Ba na yin nisa da unguwa, don babu takarda ko ɗaya a aljihuna. In na hango masu kaki a bakin titi sai in sauya hanya kamar ɓarawo, ni da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba. Abin da na fi kewa shi ne warin ruwa da sassafe, da hayaniyar mata masu sayen kifi a bakin kwata. Nan kuwa ko'ina ka duba siminti ne da ƙarar mota. In matata Rabi ta kira sai ta ce, "Malam, ka ga jirgin kuwa?" Sai in dubi bangon kicin in ce mata na gan shi.

Ban yi shiru ba, na yi ta tambaya. Amma na lura Sahabi ba ya yarda mu keɓe. Kullum sai a gaban mutane nake samunsa, kuma a gaban mutane maganata ba ta da nauyi.

"Sahabi, ina maganar iƙamata?"

"Alhaji, ka ji bawa yana neman takardar 'yanci! Ko za ka saye shi? Ya iya miya, ga ƙarfi kamar jaki."

"To jirgin fa?"

"Tuƙi kake so? Ga tuwo can, je ka tuƙa."

Dariyar da nake yi a irin wannan lokaci ita ce har yau ta fi ci mini rai. In gama dariyar, sannan in tashi in kwashe kwanukan da suka ci abinci a ciki.

Zango na biyu Hayyin Ashir. Can Sahabi yakan aike ni sayen busasshiyar kuɓewa da barkono a shagunan 'yan Sudan. Wata rana ina ciniki da hannu da 'yan kalmomin Larabcin da na tsinta, sai na ji an ce daga bayana:

"Ya zol, kai Bahaushen ina ne da ba ka iya taya kaya ba?"

Wani tsoho ne a kan kujerar roba gaban mai shayi, da farar jallabiya da rawani. Sunansa Baba Idrisa. Kakanninsa daga ƙasar Haɗeja suka tashi a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa irin ta kakata ce, sai dai Larabci ya ɗan rina ta. Kowa ya zol yake ce masa, wato kai mutumin nan, kamar yadda 'yan Sudan suke yi. Yaƙi ne ya koro shi Masar da tsufansa. Ya sa aka kawo mini shayi, ya hana ni taɓa aljihu. Da ya ji sana'ata ya kama tafin hannuna ya juya, ya shafa kantar da filafili ya bar mini. Ya ce shi ma ƙuruciyarsa a ruwa ta ƙare, a manyan jiragen kaya da ke tashi daga Bur Sudan, yana kankare tsatsa yana jan igiya.

Nan da nan na tambaye shi labarin allon taurari. Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

"Wane maƙaryaci ne ya gaya maka? Babu tauraro ko ɗaya a ciki. Kai in kana zaune a bayan kwale-kwale, ta wane gefe kake riƙe filafili in za ka karkata shi?"

"Ta dama, Baba."

"Don me?"

"Hannun ya fi ƙarfi."

"Khalas, ka san kalmar tun kafin ka ji ta. Wani tsohon Bature da na yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya warware mini. Jiragen kakanninsu ba su da abin juya jirgi a tsakiyar baya irin na yanzu. Wani ƙaton filafili suke ɗaurewa a gefen dama, can wajen baya, da shi ake sarrafa jirgi. Farkon kalmar daga kalmarsu ta tuƙi ya fito, steer, bakin mutane ne ya yi ta cin ta har ta koma yadda ka gan ta. Ƙarshenta kuma katakon gefen jirgi ne. Gefen tuƙi ke nan, ba wani abu ba."

Ya kurɓi shayi ya ci gaba. Ya ce tunda filafilin yana dama, ba a jingina wannan gefen da kwata don kada ya karye. Da hagu ake jinginawa, ta nan ake loda kaya. Da can sunan hagun larboard, amma in iska tana kaɗawa kunne ba ya bambance shi da ɗan'uwansa, sai suka sauya masa suna suka ce port, wato tashar da ake jinginawa. Ya ce har fitila kowane gefe da tasa, kore a dama, ja a hagu, don in duhu ya yi ka san inda jirgin da ke gabanka ya dosa.

Na ce, "To Baba, me ya hana su ce dama da hagu kawai, kowa ya huta?"

"Damar wa? Kai kana kallon gaba, ni ina kallon baya ina jan igiya. In kaftin ya yi ihu ya ce dama, kai ka ruga nan ni in ruga can, jirgi ya daki dutse. Wannan damar jirgi ce, ba ta mutum ba. In ka fuskanci goshin jirgi tana hannun damanka. Ko ka juya, ko ka kwanta, ko ka tsaya da ka, tana nan inda take."

Na daɗe magana ba ta zauna mini kamar wannan ba. Wata da watanni ina zaune da mutumin da maganarsa take juyawa duk inda ya juya fuska, sai ga kalmar da aka ƙirƙira musamman don kada ta juya.

Daga nan Baba Idrisa ya tambaye ni wane kamfani ne zai ɗauke ni. Na ce ban sani ba, taubashina ne yake shirya komai.

"An auna maka ido?"

"A'a."

"An kai ka inda ake koyon kashe gobara? An sa maka rigar ceto an ce ka yi tsalle cikin ruwa? Kana da littafin ma'aikacin jirgi?"

Duk na ce a'a. Ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa, ya daɗe yana kallona.

"Ya zol, babu jirgi. Ko mai kankare tsatsa ba a ɗauka sai da waɗannan, kuma ba a kicin ake samun su ba. Ɗan aikin kyauta ɗan'uwanka ya samu. Ka karɓi fasfonka. Kowace rana ta wuce ba ka da iƙama tara ce take taruwa, kuma a kanka take, ba a kansa ba."

Ranar ban shiga mota ba, a ƙafa na koma. Na tare Sahabi a matakalar bene inda babu kowa.

"Sahabi, yau ba wasa nake yi ba. Babu jirgi, na sani. Ba ni fasfona in koma gida."

Na ga fuskarsa ta sauya, amma ba ta daɗe ba. Ya fizge hulata ya ɗora a kan tasa, ya ɗaga murya yadda mutanen cikin gida za su ji.

"Jama'a ku fito ku ga abin mamaki, bawa ya yi fushi! Fasfonka yana ofis, sarkin gaggawa. Ko ni ne gwamnatin Masar?"

Na kira mahaifiyata na ce mata Sahabi ya cuce ni.

"Haba Haruna," ta ce, "kai da taubashinka? Ai wasa ne. Kada in ji an ce ɗana ne ya fara ɓata rai. Ina zan sa fuskata a gaban yayana?"

Yayan nata, mahaifin Sahabi, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama har ya aurar da ita. In na ɗaga wa Sahabi hannu, ko na kai shi ƙara gaban shugabannin 'yan Najeriya na garin, ba ni za a zaga a Yawuri ba, ita za a zaga. A lokacin na gane Sahabi ya san wannan tun kafin ya ce in sayar da injina. Da bare ya kawo ya yi masa haka, da tuni an ji su. Ni ya zaɓa don ni ne ba ni da ikon yin fushi da shi. Na zauna a kan katifata na dubi hoton jirgin nan, na miƙa hannu zan yage shi, sai na fasa. Hoton bai yi mini ƙarya ba.

Ana nan sai aka kawo wani ɗan kasuwar Gusau, Alhaji Mu'azu, tare da matarsa Hajiya Kulu. Aikin gwiwa aka yi masa a wani asibiti a Giza, ni nake goya shi sauka da hawa. Mutumin kirki ne. Malam Haruna yake kirana, kuma ba ya fara cin abinci sai ya ce in sa hannu. A hanyar kai shi asibiti ne na fara ganin Kogin Nilu ta tagar tasi muna kan gada. Na manna fuskata da gilashi kamar yaro har muka wuce.

Da ƙafar Alhaji ta fara takawa, ya ce kafin ya koma gida yana so a zaga da shi a kan kogin. Sahabi yakan kai baƙinsa irin wannan yawo, amma shi a bakin gaɓa yake tsayawa. Tun muna yara ya faɗa ruwa daga kwale-kwale aka ciro shi da ƙyar, daga ranar ko kududdufi zagaye shi yake yi. Na yi mamaki da na ga ranar ya shigo jirgi tare da mu, da jakarsa a kafaɗa, ya zauna a gefe kusa da wani ƙarfe da ke riƙe da rumfa.

Bayan la'asar ne. Ɗan ƙaramin jirgi ne mai rumfa, da injinsa a baya, mai hannu irin wanda na sayar. Da mai jirgin ya ja igiyar inji ya tashi, sai na ji ƙararsa sak irin ta nawa. Wani siririn Bamisire ne mai furfura, rayyis suke ce masa kamar yadda suke kiran duk mai jirgi. Mun ɗan bar gaɓa sai Sahabi ya yi masa magana da Larabci. Rayyis ya dube ni, ya tashi daga wurinsa ya nuna mini in zauna. Sahabi ya zaro waya ya saita ni.

"To bawana, ga jirgin da na yi maka alkawari. Riƙe da kyau, ɗaga kai. Inna da Rabi zan tura wa su ga ka kama aiki. Yalla, yi murmushi, kaftin!"

Ashe abin da ya shigo da shi jirgi ke nan. Bai ishe shi ya cinye mini inji da watannina ba, sai ya ɗauki fuskata ya yi wa mahaifiyata da matata ƙarya da ita. Na yi murmushin da ya ce in yi.

Na ce wa Alhaji ya koma bencin tsakiya ya miƙe ƙafarsa, Hajiya ta zauna kusa da shi. Sannan na murɗa hannun inji na nufi tsakiyar kogi. Wani ƙaton jirgin cin abinci mai bene yana wucewa, yana barin igiyar ruwa a bayansa. Duk wanda ya san ruwa da goshin jirgi yake tarar igiya. Ni kuwa na rage wuta na ba ta gefe. Jirgin ya karkata ya dawo, ruwa ya fallatso ya jiƙa wa Sahabi shaddarsa, wayar ta faɗi ƙasan benci. Ya rungume ƙarfen rumfa da hannu biyu.

"Haruna! Haruna, mene ne haka? Koma gaɓa!"

"Au, yau kuma Haruna ne? Ina bawan ya tafi?"

"Ka san ba na son ruwa!"

"Wasa ne, ubangidana. Ai ba ka fushi. Wannan gefen da ka ƙanƙame shi ne starboard. Leƙa da kyau ko za ka ga allon taurarin."

Rayyis ya yunƙura zai karɓi inji. Ya tsaya ya kalli hannuna, ya ga yadda nake barin jirgin ya kwanta kaɗan sannan in tare shi. Ya koma ya zauna, ya ce, "Tamam," ya tsiyaya wa kansa shayi. Na san iyakar abin da jirgin zai iya ɗauka, kuma ban kai shi ko kusa ba. Sahabi ne bai sani ba.

"Alhaji, ka yi masa magana, zai kashe mu!"

Alhaji Mu'azu yana dariya har da hawaye. "Ni in shiga tsakanin taubasai? Ba kai ka ce mini ba a shiga ba? Rannan har tallarsa ka yi mini."

"Me kake so, Haruna?" in ji Sahabi.

"Fasfona."

"Yana ofis, wallahi ta..."

"Kada ka yi rantsuwa a kan ruwa. In yana ofis sai mu jira shi a nan. Ga wani babban jirgin can tafe, ya ma fi na ɗazu."

Ya waiga ya ga da gaske ne. Ya saki ƙarfen da hannu ɗaya yana laluben zif ɗin jaka, ya kasa buɗewa. Hajiya Kulu ta miƙa hannu ta karɓe jakar ta zuge. Fasfunan baƙi ne a ciki an ɗaure da roba, nawa yana can ƙasa shi kaɗai. Ta miƙa wa mijinta. Alhaji ya buɗe yana juya shafuka, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Sahabi, tun hatimin ranar da ya shigo ƙasar nan ba a sake buga komai a nan ba."

"Kai dai ba ka ji tsoron Allah ba," in ji Hajiya. "Mutum da iyalinsa."

Na karɓi fasfona na sa a aljihun ciki. Na juya goshin jirgi na tari igiyar da ke tafe, muka haye ta lafiya, na kai mu gaɓa na jingina a hankali yadda Alhaji zai sauka ba tare da ya wahalar da ƙafarsa ba.

Da Sahabi ya ji ƙasa a ƙarƙashin takalminsa sai ransa ya dawo. Ya matse bakin rigarsa, ya kece da dariya da ƙarfi, ya kai mini duka a kafaɗa.

"Kai, bawan nan ka iya mugun wasa! Yau ka ci, amma zan rama."

Na gane abin da yake so. So yake mu tattara komai, da injina da watannin da na yi ina wanke banɗaki, mu zuba a cikin wasa a rufe. In na mayar masa da zolaya ko ɗaya, shi ke nan an biya. Na ja da baya, na ɗan rusuna masa kamar yadda nake yi wa babban baƙon da ban sani ba.

"Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara arziki. A sauka lafiya."

Dariyar ta maƙale masa. "Haruna, ni kake ce wa Alhaji?"

"Ranka ya daɗe."

Alhaji Mu'azu ya sunkuyar da kai, Hajiya ta kawar da fuska. Duk Bahaushen da ke wurin ya san abin da ya faru.

Ban sake kwana a kicin ɗin nan ba. Baba Idrisa ya shimfiɗa mini tabarma a ɗan ɗakinsa na Hayyin Ashir, ɗakin da shi kansa da ƙyar yake miƙe ƙafa. Rayyis ya bar ni ina wanke masa jirgi, in baƙi sun yi yawa ya ba ni inji, ya raba abin da aka samu da ni ba tare da mun iya yin doguwar magana da juna ba. Alhaji Mu'azu kafin ya tafi ya cika mini abin da ya rage na tara da kuɗin jirgin komawa. Sahabi ya zo nemana a wurin mai shayi ba sau ɗaya ba. Ya zo da zolaya, ya zo da tsohon labarin yarintarmu, har hulata ya sake fizgewa. Na bar masa hular, na miƙe tsaye na gaishe shi, na tambayi lafiyar iyali da ta baƙinsa, na yi masa fatan alheri.

Ana gobe zan taso mahaifiyata ta kira. Ba ta amsa gaisuwata sosai ba.

"An ce ka daina wasa da Sahabi."

"Inna, ban zage shi ba, ban ɗaga masa murya ba. Duk inda na gan shi sai na gaishe shi da ladabi."

Na ji ta ja numfashi.

"Da ma zagin nasa ka yi, Haruna. Zagi ana zama a sasanta."

"Na sani, Inna," na ce. "Shi ya sa ban zage shi ba."